Fatake a Cikin Kwalekwale: Hanyoyin Ruwa da Kafuwar Zangon Lome

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci fatauci a ƙasar Hausa, abin da yakan zo wa ɗalibi a rai shi ne ayari, da madugu, da jakuna ɗauke da mangala. Ba a cika tuna kwalekwale ba. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nuna cewa hanyar da ta kai Hausawa bakin teku a ƙasar Togo ba ta tudu ce kaɗai ba. Ruwa na da hannu wajen tsara inda fatake suka yada zango, haka kuma da sufurin ruwa ya ja baya, kasuwanci ya tattaru a Lome, musamman a Adawlato, unguwar babbar kasuwar birnin.

2.0 Daga Kwara zuwa Volta

Tun ƙarni na 18 fatake ke barin Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro. Ruwa na farko da ke tare musu hanya shi ne Kwara. A nan sai ayari ya tsaya a mashigi, a sauke kaya, masu jirgi su fitar da mutane da kayansu, a biya su lada. Wannan aiki shi ake kira fito, kuma daga nan ne "kuɗin fito" ya faɗaɗa har ya ɗauki ma'anar harajin da ake biya a kan kaya a bakin iyaka. Daga Kwara sai a ratsa Bargu a nufi Salga, babbar kasuwar goro.

Salga ta fara rauni bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta. Da yawansu sun koma Kete-Krachi a bakin kogin Volta. Abin da ya ɗaga wannan gari shi ne kwalekwale. Mutanen Ada, a inda Volta ke shiga teku, su ne ke lodin gishirin tafkin Songor su hauro da shi kogi, Hausawa kuma su saya su kai arewa. Cikin waɗanda suka zauna a Kete akwai Alhaji Umaru, malami haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. A wurinsa ne Bajamushe Adam Mischlich, mai ƙamus na Hausa da aka buga a 1906, ya samu rubuce-rubucen tarihi masu yawa. Ke nan wani ɓangare na abin da ɗaliban Hausa ke karantawa a yau an rubuta shi ne a wannan tashar jiragen gishiri.

3.0 Tafkunan Bakin Teku

A wancan zamani gabar tekun Togo ba ta da wurin da babban jirgi zai raɓa, ga igiyar ruwa mai kifar da ƙananan jirage. Amma a bayan rairayin gaba akwai jerin tafkuna da ƙoramu masu kwanciyar ruwa. Daga tafkin Togo ana iya bin ruwa zuwa Aneho, a wuce bakin kogin Mono a Grand-Popo, a isa Wida. Can gabas kuma daga tafkin Nokuwe ana bi ta Porto-Novo da Badagiri har Legas. A wuraren da ruwan ya yanke, kamar wajen Aflawo kusa da Lome, sai 'yan dako su ɗauki kaya a ka zuwa gaba. A 1885 Faransawa sun haƙa mashiga a Kwatano wadda ta haɗa tafkin Nokuwe da teku.

Jirgin wannan hanya siriri ne, dogo, an fafe shi daga gungumen itace guda. Da yake ruwan ba shi da zurfi, an fi tura shi da doguwar sanda, sai an zo inda sanda ba ta kai ƙasa a koma ga filafili. Tafiya ce ta sannu, tsakanin ƙauyukan masunta da gonakin kwakwa, amma jirgi ɗaya na ɗaukar abin da sai 'yan dako da yawa za su ɗauka. Wannan ya fi muhimmanci a kudu, inda ƙudan tsando ke kashe jakuna da dawaki. Ta nan aka yi ta jigilar gishiri, da busasshen kifi, da tufafi, da manja. Ta nan kuma aka riƙa kai bayi zuwa tashoshin Turawa, har ma bayan an haramta cinikin. Shi kansa garin Aneho masu jirgi ne daga Elmina suka kafa shi a ƙarshen ƙarni na 17.

4.0 Yadda Dogo Ya Gaji Ruwa

Lome ta fara bunƙasa ne wajen 1880, sa'ad da 'yan kasuwa suka ƙetara iyaka don guje wa harajin kwastan na Ingila a yankin Keta, kuma Hausawa na cikin baƙin farko da suka sauka. Jamusawa sun kafa mulki a 1884, suka mayar da Lome hedikwata a 1897. Matsalarsu ita ce bakin Volta yana hannun Ingila, saboda haka duk kayan da ya gangara kogi daga Kete-Krachi ribarsa ta wuce su. Sai suka dage wajen karkatar da fatake ta hanyar tudu, ta Kpalime zuwa Lome. Suka gina gadar sauke kaya a cikin teku a 1904, suka shimfiɗa dogo zuwa Aneho a 1905, zuwa Kpalime a 1907. Dogon Aneho ya bi gefen tafkin da kwalekwale ke bi, ya ƙwace masa kaya. Daga nan Aneho ta dusashe, Lome ta cika, zangon Hausawa ya samu masu gida da dillalai masu saukar da baƙi da goro da shanu.

Sauran alamomin ma sun bi baya. Madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka kammala a 1965, ta nutsar da tsohuwar Kete-Krachi. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango na tsakiyar Lome, aka mayar da mutanensa arewacin birnin, ko da yake cinikinsu bai rabu da kasuwar Adawlato ba.

5.0 Kammalawa

An ga yadda fito a Kwara, da gishirin Volta, da tafkunan bakin teku suka share wa Hausawa hanya zuwa Lome. Har yau ana ƙetara tafkin Togo a kwalekwale daga Agbodrafo zuwa Togoville, sai dai manyan kaya sun koma mota. Ɗalibi zai iya ganin sawun wannan tarihi a cikin harshe. Asalin "jirgi" abin hawa ne na ruwa. Da dogo ya zo, Bahaushe bai nemi sabuwar kalma ba, sai ya ce jirgin ƙasa, daga baya kuma jirgin sama. Ya kamata ɗalibai su tattara sauran kalmomin sufurin ruwa daga bakin tsofaffin zanguna, su kwatanta su da na Yawuri da Argungu.