Lofen Kakana a Miskine

Kakana bai taɓa sayen sigari ba. Lofe yake sha, na yumɓu mai dogon kara. A kasuwar Kilomita Biyar yake sayo busasshen ganyen taba, ya yanka da wuƙa, ya ɗora garwashi. Daga ƙasar Hausa iyayensa fatake suka taho da al'adar. Ko da matafiyi Bature Barth ya shiga Katsina a 1851, tabarta ta riga ta yi suna. Maza na cin garin tabar da kanwa, mata na goga furenta a haƙora.

Malamai sun daɗe suna sukar taba, amma a ganina kwalin sigarin kamfanin SOCACIG ne ya kori lofe, don ya fi sauƙin sawa a aljihu.  A unguwarmu ta Miskine, rabona da ganin mai gina lofe tun ina yaro.