Daga zauren Kona zuwa Zoom

1/ Masu aikin rukuni a Zoom, kuna kukan 'yan rukuninku ba sa taɓuka komai, ku matso. A ganina birnin Zariya ya daɗe da maganin wannan ciwo. 🧵

2/ A cikin ganuwa, unguwanni irin su Kona da Juma sun yi suna da makarantun zaure. Har gobe Limamin Kona yana cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau.

3/ Ga yadda ake yi: bayan asuba ɗalibai su kewaye malam, kowa da littafinsa. Wanda layi ya zo kansa ya ja baƙi, malam ya fassara, saura su kasa kunne. Ka zo da littafi ɗaya, ka tashi da karatun biyar. In an watse, manya su yi wa ƙanana bita.

4/ A 1962 aka buɗe ABU. Yaran birni suka riƙa fita ta Ƙofar Doka zuwa Samaru da Kongo. Zaman zaure ya koma tutoriyal a gindin bishiya da harabar masallaci.

5/ Sai Maris 2020: korona ta rufe makarantu, ASUU ta shiga yajin aiki har Disamba, wata tara. A 2022 aka ƙara wata takwas. Masu gudun kada karatu ya bushe suka koma WhatsApp, Telegram da Zoom.

6/ Zoom na kyauta minti 40 ne ya tsinke. Ga tsadar data, ga rashin wuta. Sai kowa ya kashe kyamara.

7/ Nan gizo ke saƙa. A zaure babu maɓoya, layi zai zo kanka. A Zoom kuwa mutum goma, biyu ke aiki. Ranar miƙawa kowa ya turo lambar rajistarsa.

8/ An buɗe Second Life a 2003, kamfanin Facebook ya koma Meta a 2021, ana ta tallan ajin da za ka shiga da surarka ta kwamfuta. To, surar ba za ta ja maka baƙi ba.

9/ Abu uku nake roƙo ku aro daga zaure: lokaci tsayayye, layin da zai zagayo kan kowa ya yi bayanin kasonsa da bakinsa, da bita ga wanda netwok ya yar.

10/ Ku gwada wannan zangon. Wanda layi ya zo kansa sau biyu ya yi gum, ku kira shi ku ji lafiya kafin ku sa sunansa.