Asali da Ma'anar Kalmar "Alfahari" a Hausa

Hausa tana da kalmomi da dama na kushe mutumin da yake ganin ya fi kowa, kamar girman kai da ji-ji da kai da taƙama da ɗagawa. Kalmar "alfahari" ta fita daban a cikinsu, domin baƙuwa ce, kuma ma'anarta ta rabu gida biyu.

Asalinta Larabci ne, wato al-fakhr. Da ta shigo Hausa sai harafin al- ya manne mata, kamar yadda ya manne wa alheri da alhamis, waɗanda su ma kh ɗinsu ya koma h. Aka saka wasalin a tsakanin h da r, aka rufe kalmar da wasalin i, saboda Hausa ba ta ƙare kalma da baƙaƙe biyu a jere. A shekarar 1947 Joseph Greenberg ya kasa kalmomin aro daga Larabci rukuni biyu: tsofaffi, waɗanda galibi suke ɗauke da wannan harafi, da na baya, waɗanda malamai suka ciro daga littattafai. Ganin Hausa tana da "alfahari" da kuma "fahari", alama ce ta cewa kalmar ta biyo hanyoyin duka biyu. Sawahili ma ya are ta da siffar fahari.

A wajen Larabawan Jahiliyya, fakhr fanni ne na waƙa, inda mawaƙi yake koɗa kansa da ƙabilarsa. Musulunci ya zo ya yi tir da wannan hali. Aya ta 18 ta Suratu Luƙman ta kushe fakhur, wato mai yawan alfahari, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u don zargin girman kai da ji-ji da kai. Da wannan ma'ana ta zargi malaman zaure suke amfani da kalmar a wa'azi.

Amma kuma Bahaushe yakan ce ɗansa "abin alfahari" ne, yana nufin yabo. Da haka kalmar ta komo kusa da ma'anarta ta farko, alhali girman kai bai taɓa zama yabo ba. Saboda haka wajibi ne malami da mai tsara ƙamus su bambance ma'anonin biyu, don kada ɗalibi ya karanta zargi a tsohon rubutun wa'azi ya ɗauka yabo ne.