Tafinta Tsakanin Hukuma da Talaka: Tarihin Harshen Aikin Mulki a Damagaram da Kudancin Nijar

1. Gabatarwa

Idan ana zancen gyaran ma'aikatun gwamnati, abin da akan fara lissafawa shi ne gine-gine, da motoci, da yawan ma'aikata, da kuɗin da ake kashewa. Ba safai akan sa harshe cikin lissafin ba. Alhali kuwa kowane aikin hukuma, ko karɓar haraji ne, ko yanke shari'a, ko ba da takardar haihuwa, da magana yake farawa, da rubutu kuma yake ƙarewa. In an yi maganar da harshe ɗaya, rubutun kuma da wani harshe dabam, to, tilas a sami mutum na uku da zai tsaya a tsakani. Wannan mutum shi ne tafinta. Nufinmu a nan shi ne mu bi sawunsa cikin tarihin Damagaram da sauran ƙasashen Hausa na kudancin Nijar, tun daga zamanin sarakuna har zuwa 2025, domin mu ga abin da tsayuwarsa ta jawo wa aikin mulki, da kuma darasin da masu bincike da masu tsara yaƙi da jahilci za su ɗauka.

2. Zamanin sarakuna

Kafin zuwan Nasara, ƙasashen nan suna da tsarin mulki mai rassa, kowane reshe da mai riƙe da shi. A Maraɗi, inda sarautar Katsina ta sake kafuwa bayan jihadi, manyan sarakai huɗu ne rukunin mulki, watau Ƙaura, da Galadima, da Ƴandaka, da Durɓi, kuma su ke zaɓen sarki. A Damagaram, Sarki Tanimun, wanda ya yi sarautarsa ta biyu daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye birnin Zindar da ganuwa, ya sa maƙera suna ƙera masa igwa, ya kuma ɗaukaka bayin fada da babanni ya ba su muƙamai, domin ya sami ma'aikatan da ba su da wani ubangida sai shi.

Kalmomin mulki su kansu shaida ne a kan wannan tarihi. Daga Larabci Hausa ta samo alƙali, da waziri, da haraji, da baitulmali, da hukuma. Daga Barbarci ta samo galadima, da ciroma, da yarima, da kaigama, abin da ba zai ba da mamaki ba, tun da Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Barno. Duk waɗannan kalmomi sun zauna a bakin jama'a har ba a jin baƙuncinsu.

Amma kada mu ƙawata zamanin fiye da yadda yake. A wancan lokaci ma harshen rubutu dabam ne da harshen magana, gama da Larabci malaman fada suke rubuta wasiƙun sarki, talaka kuwa ba ya iya karanta su. Zalunci kuma bai rasa wuri ba, ga harin bayi, ga nauyin haraji. Bambancin da ya shafi bincikenmu ɗaya ne: mai kawo ƙara da mai yanke hukunci suna jin juna. Talaka ya faɗi gaban hakimi ko alƙali, ya yi maganarsa da bakinsa, ya ji amsa da kunnensa. Ko an zalunce shi, ya san wanda ya zalunce shi, ya kuma san da wace magana aka yi.

3. Zuwan Faransawa

A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju a Zindar tare da tafintansa, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga birnin. Daga 1911 Zindar ta zama babban birnin ƙasar, har zuwa 1926, lokacin da Gwamna Birebiye ya mai da hedikwata Yamai. A tsakanin Birni da Zango aka gina unguwar ma'aikatu, aka raba ƙasa yanki-yanki, kowane yanki da kumandan, ƙarƙashinsa kuma akwai kanto-kanto a hannun sarakuna.

Kumandan shi ne komai a yankinsa. Shi ke ƙidayar mutane da dabbobi, shi ke yanka lanho, shi ke ɗibar ƴan aikin tilas, shi ke kula da hanya da rijiya da kurkuku. Har zuwa 1946 doka ta ba shi ikon ya ci mutum tara ko ya ɗaure shi ƴan kwanaki ba tare da an je gaban shari'a ba. Ga iko mai yawa haka, amma mai ikon galibi ba ya jin harshen mutanen da yake mulka, domin ba ya daɗewa a wuri ɗaya: kafin kunnensa ya saba, an ɗauke shi an kai shi wata ƙasa. Gaskiya ne makarantar horar da kumandoji ta Paris ta koyar da wasu harsunan Afirka, har ma Diori Hamani ya koyar da Hausa da Zabarmanci a can tun kafin ya shiga siyasa. Sai dai wannan bai canza dokar aiki ba: rajista, da rahoto, da rasit, da hukunci, duka da Faransanci ake rubuta su.

Saboda haka duk maganar da za ta hau daga ƙasa zuwa kumandan, da duk wadda za ta sauko daga kumandan zuwa ƙasa, sai ta bi ta bakin mutum ɗaya. Tafinta ƙaramin ma'aikaci ne a takarda, amma a wurin jama'a shi ne ƙofar bariki. Yana iya taƙaita ƙara ko ya tsawaita ta, yana iya sassauta magana ko ya zafafa ta, babu kuma mai iya kama shi, tun da shi kaɗai ke jin ɓangarorin biyu. Ba muna cewa dukan tafintoci macuta ne ba. Da yawa sun tsare mutanensu daga fushin kumandan da hikimar fassara. Laifin na tsarin ne, wanda ya ɗora amanar ƙasa guda a kan harshen mutum guda, ba tare da wata hanyar bincike ba.

Abin da ya faru a Zindar a 1906 ya isa misali. A shekarar nan hukumar Faransa ta zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla makircin kashe Turawa, ta tuɓe shi ta kai shi Kodibuwa. Cikin waɗanda aka tuhuma tare da shi akwai attajirin nan Malam Yaro, akwai kuma tafintan hukumar kanta, Ali Jallo. Har yanzu masana tarihi suna gardama ko makircin ya tabbata ko kuwa ƙulli ne na ƴan fada masu hamayya da juna. Ko wanne ne gaskiya, hafsoshin da suka yanke hukuncin sun dogara ne a kan maganganun da ba su ji da kunnensu ba, sai da aka fassara musu. An ɗora Ballama, baban fada, a kan ƙasar, kuma sarauta ba ta komo gidanta ba sai a 1923, da aka naɗa Barma Mustafa.

4. Ƙetaren iyaka

Kwatanci da Nijeriya ta Arewa yana da amfani a nan, domin mutanen ɗaya ne, harshen ɗaya, sai tsarin mulkin ya bambanta. A can Ingilishi sun bar aikin yau da kullum a hannun hukumar sarakuna, watau En'e, mai baitulmalinta da alƙalanta da ƴan dokarta, suka kuma wajabta wa jami'ansu cin jarrabawar Hausa. Takardun haraji da wasiƙun hakimai da yawa da Hausa aka riƙa rubuta su. Wannan bai hana zalunci ba, kuma ya danne wasu harsunan yankin. Amma ya haifar da abin da mu ba mu samu ba, watau Hausar ofis, da ma'aikatan da suka saba rubuta ta, da jama'ar da ke da dalilin koyon karanta ta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fitowa a 1939, ta tarar da masu karatu suna jiranta. A ɓangarenmu kuwa, taron Barazabil na 1944 ya sake jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar a makaranta.

5. Bayan mulkin kai

Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami mulkin kai, alhali yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba. Sabuwar gwamnati ta himmatu ga gyaran tsari. A 1963 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan mulki a Yamai. Dokar 1964 ta raba ƙasa jaha 7, watau Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram, perefe da superefe suka maye gurbin kumandan. Manufar ita ce a kusanto da hukuma wurin jama'a.

An kusanto da ginin, amma takarda ta tsaya inda take. A nan ne wani abin mamaki ya bayyana: ma'aikacin ɗan ƙasa ne, sau da yawa Hausa ya sha a nono, zai yi magana da mai buƙata da Hausa, sa'an nan ya juya ya rubuta abin da Faransanci. Watau tafinta bai ɓace ba, ya shige ne cikin ma'aikacin kansa. A bakin ƙofa kuma aka sami sababbin masu tsayawa tsakani: marubucin wasiƙa da teburinsa a gaban gidan waya, da masinja, da ɗan makarantar da akan ɗauko daga gida domin ya karanta sammaci.

Asarar da wannan ke jawowa ta kasu kashi uku. Na farko ita ce asarar lokaci, domin mutum yakan taso daga ƙauye ya tarar takardarsa ba ta cika ba, tun da sharuɗɗan da aka manna a bango ba ya iya karanta su, sai ya koma ya sake dawowa. Na biyu ita ce kuskure: suna ɗaya a rubuta shi iri uku, a takardar haihuwa dabam, a katin ɗan ƙasa dabam, a rajistar makaranta dabam, sai gyaran ya koma gaban alƙali. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne rashin bincike. Wanda ba ya iya karanta rasit ba zai san ko abin da ya biya shi aka rubuta ba, hukuma kuwa da talakawanta ba sa iya duba lissafinta ta rasa masu binciken da suka fi kowa yawa, suka kuma fi kowa araha.

6. Darasin kasuwannin gyaɗa

Akwai lokacin da aka gwada wata hanya. A 1962 aka kafa hukumar bashi da ƙungiyoyin haɗin kai, watau UNCC, a 1963 kuma ma'aikatar yaƙi da jahilci ta fara aiki. Daga tsakiyar shekarun 1960, a yankunan Magarya da Matamai, aka soma miƙa wa manoma ragamar kasuwannin gyaɗa. Su ke zaɓen mai awo da magatakarda daga cikinsu, aka koya musu karanta sikeli, aka kuma shirya takardun lissafi da Hausa. Taron Bamako na 1966 a kan daidaita haruffa ya zo daidai da wannan buƙata.

Abin lura shi ne, karatun ya sami dalili. Manomi bai koyi baƙi da wasali don ado ba, ya koya ne domin ya ga nauyin buhunsa da idonsa, ya kuma lissafa rarar da za ta komo wa garinsu bayan an rufe kasuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Farin 1973 da ciwon gyaɗa na 1975 sun karya noman, hukuma kuma ba ta sakar wa ƙungiyoyin mara yadda ya kamata ba, har aka rushe UNCC a 1984. Duk da haka gwajin ya tabbatar da cewa Hausa tana ɗaukar lissafi da rajista. Makarantar gwaji da aka buɗe a Zindar a 1973, inda yara suka fara karatu da Hausa, ta ƙara tabbatar da hakan ta fuskar ilimi. Abin da bai faru ba shi ne shigar harshen cikin biro: wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya je ma'aikata ya tarar babu takarda ko ɗaya da zai karanta, sannu a hankali karatun ya zube.

7. Kammalawa

Ta fuskar doka an yi tafiya mai nisa. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun Hausa na Nijar da na Nijeriya. Dokar 2001 ta amince da harsuna 10 a matsayin harsunan ƙasa, ko da yake tsarin mulkin 2010 ya bar Faransanci a matsayin harshen hukuma. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Amma tarihin da muka bi ya nuna cewa ba a cikin kundi tafinta yake zaune ba, a bakin tebur yake.

Don haka muna ganin ayyuka uku suna jiran masu wannan fage. Na farko, a tattara kalmomin mulki da ke bakin jama'a, na Larabci da na Barbarci da na Faransanci, irin su lanho da biro, a tace su kafin a ƙirƙiro sababbi, a kuma daidaita su da na ƙetaren iyaka inda ya yiwu. Na biyu, a fara da takardun da talaka ya fi taɓawa, watau takardar haihuwa, da rasit, da sammaci, da katin asibiti, a buga su da harsuna biyu, sa'an nan su zama littafin karatu a ajin yaƙi da jahilci. Na uku, a koya wa ma'aikata rubuta harshen da suke magana da shi, tun suna makarantar horo.

Akwai kuma gargaɗin da ya wajaba a kanmu mu masu nazarin Hausa. In aka ɗora Hausa a kujerar da Faransanci ya zauna, ba a kula da Bazabarme da Babarbare da Bafillace da Buzu ba, to, ba a kori tafinta ba, an sauya masa harshe ne kawai. Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne wanda manoman Magarya suka riƙe a gaban sikeli: mai buƙata ya ji abin da aka ce, ya kuma iya karanta abin da aka rubuta a kansa.