Alwatikar Bamuda: Tsakanin Tarihi da Almara

A yammacin tekun Atlantika, tsakanin jihar Fulorida ta Amurka da tsibiran Bamuda da Fato Riko, akwai wani yanki da aka daɗe ana cewa yana haɗiye jiragen ruwa da na sama. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu tace abin da ya auku daga abin da aka ƙara masa.

Ba ma musun cewa an yi asarar rayuka a wurin. A watan Maris na 1918, jirgin ruwan sojan Amurka mai suna Cyclops ya bar tsibirin Barbados da mutum 306, ya nufi Baltimore, har yau ba a ga ko ɓurɓushinsa ba. Haka kuma ran 5 ga Disamba, 1945, jiragen saman yaƙi biyar suka tashi daga Fort Lauderdale domin atisaye, ɗauke da mutum 14. Jagoransu, Laftanar Charles Taylor, ya sanar ta rediyo cewa kamfas ɗinsa ya rikice. Suka ɓata hanya har dare ya yi musu a kan teku, ga mai yana ƙarewa. Jirgin da ya bi sawunsu da mutum 13 shi ma bai dawo ba, sai dai ma'aikatan wani jirgin dakon mai sun ce sun ga wuta ta tashi a sama a daren.

Almarar kuwa daga baya ta zo. Vincent Gaddis ne ya raɗa wa yankin suna a mujallar Argosy a 1964. A 1974 Charles Berlitz ya fitar da littafin da ya danganta lamarin da nutsattsen birnin Atlantis da baƙin halittu daga wasu duniyoyi. Amma a 1975 wani ma'aikacin laburare, Larry Kusche, ya koma ga tsofaffin jaridu da rahotannin yanayi. Ya tarar da cewa jirage da dama da aka ce sun ɓace teku yana kwance, guguwa ce ta ritsa da su, wasu ma nesa da yankin suka salwanta.

Dalilan a fili suke. Hanya ce mai yawan zirga-zirga, mahaukaciyar guguwa kan taso daga Yuni zuwa Nuwamba, igiyar ruwa mai ƙarfi takan kwashe tarkace, kuma zurfin teku kusa da Fato Riko ya haura mita 8,000.

Jirgin Cotopaxi ya ishe mu misali. Ya ɓace a 1925 da mutum 32, bayan ya aika da saƙon cewa ruwa yana shigarsa cikin guguwa, amma aka yi ta saƙa labari a kansa. A 2020 aka tabbatar da gawarsa kusa da gaɓar St. Augustine. Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne. Haƙƙin waɗanda suka rasu a kanmu, mu ɗaliban ilimi, shi ne mu faɗi yadda teku ya ci su, ba yadda labarin ya fi daɗin ji ba.