Ƙwarin gida a lokacin damana: abin da ke kawo su da abin da ke korar su

Wata tara na shekara garuruwanmu a bushe suke, amma daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba sai lamari ya juya. Ƙasa ta sha ruwa, bango ya jiƙe, ga zafi bai tafi ba. Wannan haɗuwa ta zafi da laima ita sauro, kyankyaso, ƙuda da gara ke jira. A Maraɗi ko Yamai ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka. Ƴan uwanmu da ke neman abinci a Kwatano, Legas ko Abijan kuwa, ruwansu ya ninka namu sau biyu zuwa uku, laima ba ta barin ɗaki. Abin da muke fama da shi wata uku, su shekara ɗungum suke yi da shi. Saboda haka bayanin nan na mutanen gida ne, na matafiya ne kuma.

Abu uku ke ajiye ƙwaro a gida: ruwa, abinci da maɓoya. Mafi yawanmu da mun ga ƙwari sai mu nufi kasuwa sayen magani. A fesa, su mutu, bayan sati biyu su dawo, a ce maganin bana ba shi da ƙarfi. Maganin ya yi aikinsa, ya kashe waɗanda ya taɓa. Ƙwai da ƴaƴan da ke cikin ruwa ko cikin tsagar bango ne bai kai gare su ba, kuma abin da ya kira iyayensu yana nan inda yake.

Sauro ba iri ɗaya ba ne

Wanda ke kawo masassarar cizon sauro, wato palu, sunansa anofel. Macen ce ke cizo, kuma da dare take aikinta, daga faɗuwar rana zuwa asuba. Tana zuba ƙwai a ruwan sama da ya kwanta yana shan rana: ramin da aka haƙa don buga tubali, sawun mota a hanyar ƙasa, bakin tabki, kududdufin ƙofar gida. Da zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Wannan lissafin shi ne mabuɗin aikin duka. Duk ruwan da aka zubar, aka cike da ƙasa ko aka buɗe masa hanya kafin ya yi sati, bai haifar da sauro ba. Shi ya sa gyaran da ake yi sau ɗaya a farkon damana bai isa ba, sai dai a ɗauki rana ɗaya a kowane sati, ko Juma'a ko Lahadi, a zagaya gida da bayansa.

Na biyu shi ne mai zanen fari da baƙi a ƙafa, wanda ke cizo da rana tsaka. Shi ba ruwansa da tabki, cikin gida yake haihuwa: tsohuwar tayar mota, gwangwanin tumatir, randar da ba murfi, tano, kaskon ruwan kaji, bidon da aka yanke. Shi ke ɗauke da shawara da masassarar denge, wadda ta yi ɓarna sosai a Burkina Faso a 2023, musamman Wagadugu da Bobo. Ƙwansa yana mannewa a jikin mazubi, yana iya yin watanni a bushe, da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Zubar da ruwan kaɗai bai wadatar ba, sai an cuɗa cikin randar ko tanon da soso kafin a sake cikawa, a rufe da murfi ko ƙyalle a ɗaure.

Na uku shi ne mai kukan nan a kunne, wanda ke fitowa daga kwata, wurin wanka da salanga. Ya fi sauran yawa a birni, shi ke hana barci, amma ba shi ke kawo palu ba.

Akwai kuma baƙo da ma'aikatan lafiya ke sa wa ido, wani anofel ɗan Asiya da aka fara gani a Jibuti a 2012, aka same shi a Najeriya a 2020, a Gana a 2022. Shi yana haihuwa a tankin ruwa da tano na cikin gari, ko da rani. Wannan ƙarin dalili ne na rufe duk ruwan da aka ajiye.

Zancen sauro ba na ƙaiƙayi ba ne kawai. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, Nijar tana cikin ƙasashe huɗu da suka haɗa ɗan fiye da rabin mace-macen palu na duniya, tare da Najeriya, Kwango ta Kinshasa da Tanzaniya, kuma ƙananan yara ne suka fi tafiya. Sange mai magani shi ne kariyar da ta fi kowace araha. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki. A wanke shi da sabulu mai sauƙi ba tare da jabel ba, a shanya a inuwa, don rana tana cinye maganin. An yi shi ya jure wanki kamar 20, ya yi kimanin shekara 3. In ya huje a ɗinke, a cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Masu kwana a tsakar gida saboda zafi su ma sai sun kafa shi. Sangen da aka kewaye lambu da shi, ko aka rufe ƴan tsaki, bai kare yaron kowa ba. Ƙwayoyin rigakafi da ake bi gida gida ana ba yara masu wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya a wata lokacin damana, ba su maye gurbin sange ba. Tare ake yin su.

Kyankyaso da ƙuda

Babban kyankyaso ja mai tashi a salanga da kwata yake zaune, da dare ya fito ya bi kwanoni da ƙafafun da ya taka ƙazanta da su. Ƙaramin mai ruwan ƙasa shi ne na madafa, cikin kabad, bayan firij, har cikin rediyo. Macensa tana yawo da jakar ƙwai mai ɗauke da 30 zuwa 40, kuma feshi ba ya ratsa jakar. Kyankyaso yana iya kusan wata bai ci ba, amma bai cika wuce sati ba tare da ruwa ba. Pampon da ke ɗiga, kwanonin da suka kwana cikin ruwa, gindin randa mai laima, su ne rijiyarsa. A wanke kwano kafin kwanciya, a kife. Ramin salanga a yi masa murfi mai kama baki. Tsagar bango a liƙe da siminti ko laka. Kwalaye da aka jibge a lungu a rabu da su, don ba wurin da yake so kamar kwali. Inda ake samun maganin nan mai kama da man shafawa da ake ɗigawa a lungu, ya fi feshi aiki, saboda wanda ya ci yakan koma ya mutu a maɓoya, ƴan uwansa su ci gawarsa da kashinsa su bi shi. Gidan da ke da mai asma ya kula ƙwarai, kashin kyankyaso da saɓarsa suna tayar da ciwon.

Ƙuda kuwa daga ƙwai zuwa tashi kwana 7 zuwa 10 ne shi ma. Shara mai laima, kashin dabbobi da bayan gida a fili su ne gonarsa. Yana kai zawo daga juji zuwa akushi, yana kai amodari daga idon yaro zuwa idon wani. Rufe abinci, kwashe turke kullum, zuba kashin yara a salanga da wanke musu fuska sun fi kowane feshi.

Kusu

Ƙaramin kusu yana shiga ramin da bai wuce kaurin fensir ba, babban ɓera kuma wanda bai wuce babban yatsa ba. Idan ruwa ya cika ramukansu, kamar yadda aka gani a ambaliyar Yamai ta 2020 da ta Maraɗi ta 2024, ɗakunan mutane suke nufa. Ɓarnarsu ba ta tsaya ga buhu da wayar lantarki ba. Fitsarin ɓera yana ɗauke da cutar da ke shiga ta ciwon ƙafa idan mutum ya taka ruwan kwance, ta zo da zazzaɓi kamar palu, wani lokaci ta taɓa ƙoda. Masu zuwa Najeriya da Benin su san da zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a wani gari mai wannan suna a ƙasar Barno. Ɓeran gida ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi a kan abinci, kuma ya fi tashi da rani.

Hatsi da gari a sa su a tano ko roba mai murfi, buhu a ɗora kan katako nesa da bango. Rami a toshe da siminti haɗe da fasasshiyar kwalba ko ragar ƙarfe, tsumma da leda cinye su yake. Tarko a jera shi jikin bango, don kusu ba ya ratsa tsakiyar ɗaki, gefe yake bi. Kashinsa kada a share shi a bushe, a yayyafa ruwan jabel tukuna. Mushe a ɗauka da leda a hannu a binne. Guba kuwa tana kashe kaji, kyanwa da yaron da ya tsinci abin da aka barbaɗa wa. Af, jaɓa ba ɓera ba ce. Warinta ne ya ja mata baƙin jini, amma ƙwari take ci, har da kyankyaso.

Kuɗin cizo

Wannan ba ƙazanta ke kawo shi ba, jaka ke kawo shi: daga mota, daga masauki, daga ɗakin haya da samari goma ke kwana, daga katifa ko gado na hannu. Ba a san shi da yaɗa wata cuta ba, amma yana hana barci, kuma yana iya yin watanni bai sha jini ba, shi ya sa rufe ɗaki a yi tafiya ba ya kashe shi. Zafi ke kashe shi. A nan mu muna da abin da mutanen bakin teku ba su da shi, wato ranar Afrilu da Mayu. Tufafi da zanen gado a zuba musu tafasasshen ruwa, ko a ƙulle su cikin baƙar leda a bar su a rana wuni guda. Gadon katako ko na ƙarfe a fitar, a kwarara ruwan zafi a duk mahaɗa. Ƙwansa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 10, don haka a maimaita aikin bayan kwana goma. Wanda ya dawo daga ci-rani ya bar jakarsa a tsakar gida a fara shanya kayan kafin su shiga ɗaki. Ba raini ba ne.

Gara ita aikinta a ɓoye yake. Alamarta hanyar laka a jikin bango ko ƙofa. A kankare, a duba inda ta fito, a ɗaga itace, littattafai da akwati daga ƙasa, a gyara indararon da ke jiƙa gindin bango. Wake kuma ba ya buƙatar guba: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masu bincike na INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, iska yake hana ƙwaron har ya mutu, muddin waken ya bushe sarai, an ɗaure kowane ruɓi daban, kuma ba huji.

Maganin da ya fi ƙwaron haɗari

Ruwan nan da ake sayarwa a ƙananan kwalabe ba takarda, wanda ake kira piya-piya, mafi yawansa diklorbos ne, maganin gona mai ƙarfi. Irinsa ne ke cikin Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da shi a kasuwanni da shaguna a 2019. Ana yayyafa shi a ɗaki a rufe, a kwantar da yara, wasu har kan katifa ko gashin kai suke zubawa. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata. Mafi muni ita ce ƙwayar da ake jefawa cikin buhun hatsi, wadda wasu ke kira bam. Da ta sha laima sai ta saki iskar guba da ke ratsa tsagar bango zuwa ɗakin maƙwabci, kuma ba ta da makari. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana, ba a ajiye buhun da aka sa mata a can.

A ƙasashen CILSS, ciki har da Nijar, kwamitin Sahel mai kula da magungunan ƙwari ne ke tantance wanda aka yarda a sayar, kuma ma'aikatan gona na kare tsirrai suna iya gaya wa mutum ko abin da ya saya yana ciki. In za a yi feshi da na gwangwani, a fitar da yara da abinci, a rufe ruwan sha, a fesa a fita, a buɗe taga ɗakin ya sha iska kafin a koma. Igiyar leko a kunna ta inda iska ke shiga, nesa da sange da katifa. Kada a juye magani a kwalbar lemo, kada a sa ruwa ko mai a mazubin da ya ƙare.

Alamomin gubar piya-piya su ne dalalar miyau, zufa, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido, rawar jiki da wahalar numfashi. Idan haka ta faru a fitar da mutum iska, a tuɓe masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi nono ko manja, kada a sa masa yatsa ya yi amai, don abin yana iya komawa huhu. A kai shi CSI ko gidan likita mafi kusa nan take, a tafi da kwalbar a hannu don ma'aikatan lafiya su ga abin da ya shiga jikinsa.