Nauyin da Bakin Haɗin Na'urar Toshe Rijiyar Mai Ke Iya Ɗauka

Na'urar BOP ce ke toshe rijiyar mai idan iskar gas ko ɗanyen mai ya yi yunƙurin ɓallewa. Ana haɗa sassanta ta bakunan ƙarfe masu faɗi da ake ɗaurewa da notuna. Lambar da ke jikin baki, misali psi 10,000, matsin da zai jure take nunawa, ba nauyin da za a rataya masa ba. Rahoton 6AF na Cibiyar Man Fetur ta Amurka ya nuna cewa ƙarfin bakin na raguwa idan ja da lanƙwasa da matsi suka haɗu. Shi ya sa ake ɗaga na'urar ta kunnuwan da kamfanin ƙera ta ya tanada, ba tare da wuce nauyin da aka ƙayyade ba, domin suɓucewarta na iya hallaka ma'aikata.